Ku Tambaya Mu Amsa: "Tun da ɗana ya karanta falsafa muka rasa kwanciyar hankali a gida"

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru a kan abu ɗaya, wato falsafa, sai na tsamo guda huɗu, na gyara rubutun kaɗan na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni uwa ce mai 'ya'ya shida, babban namijin yana aji biyu a jami'a. Wallahi da yaron nan ko ido ba ya iya haɗawa da ni, amma tun da suka yi wani kwas wai shi falsafa da mantiƙi ya dawo hutun nan ya zama wani iri, komai aka faɗa sai ya ce mene ne hujja. Rannan na hana ƙanwarsa shara da daddare sai ya ce Umma wa ya taɓa gwadawa ya ga talaucin ya shigo, gida nawa aka ƙirga. Na yi shiru. Washegari na ce miya ta yi gishiri ya ce ta ina na san abin da harshena ya ji shi nasa ya ji. Wanda ya fi ƙona min rai ranar da kawunsa ya zo, dattijo ya kusa saba'in, yana ba da labarin zamanin da, yaron nan ya tsare shi da tambayoyi a gaban baƙi har bawan Allah ya sa takalmansa ya tafi ko ruwa bai sha ba. Babansa ya ce cire shi zai yi daga makarantar. Ni kuma tsorona kar abin ya taɓa masa imani don ance masu falsafa ƙarshensu ko hauka ko kafirci. Malam mece ce falsafar nan, kuma ya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Da farko dai ki lallashi Alhaji ya ajiye maganar cire yaro daga makaranta, ciwon nan na san shi don nima na yi shi, kuma ana warkewa. Kin san yaro in ya samu sabuwar wuƙa ba abin da yake bari a gida, tabarma, igiyar shanya, ƙafar kujera, duk sai ya gwada kaifinta. To ɗanki wuƙa ya samu, bai dai san me ake yankawa da ita ba tukuna.

Kalmar falsafa daga Larabci muka aro ta, su kuma Larabawa daga Girkanci, ma'anarta son hikima. A saukake, mutum ne zai tsaya ya tambayi abin da kowa ya ɗauka an gama da shi: mene ne adalci, ta ina na san abin da nake cewa na sani, wace rayuwa ce ta kirki. Shi kuma mantiƙi mudu ne na auna magana, yana duba ko da gaske maganarka ta biyu daga ta farkon ta fito ko kuwa liƙa ta ka yi. Misali a ce zakara ya yi cara gari ya waye, don haka zakara ne ke kawo asuba. Kowa zai yi dariya, amma irin wannan lissafin muke yi kullum ba mu sani ba, amarya ta tare da wata biyu shagon miji ya ƙone, shikenan an ce farar ƙafa gare ta.

Abin da ɗanki ya yi wa kawunsa kuma ba shi ya fara ba. Akwai wani dattijo a birnin Atina na ƙasar Girka, Sukurat, aikinsa kenan ya bi kasuwa yana tsare manyan gari da tambaya har su gane ba su san abin da suke taƙama da shi ba, samari kuma na biye da shi suna jin daɗin ganin an kunyata manya, sai su ma su je su kwaikwaya. Ƙarshe a shekarar 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana da shekara 70, aka kai shi kotu da tuhumar lalata tarbiyyar samari da ƙin girmama allolin garin, aka yanke masa hukuncin shan guba ya sha. Ɗalibinsa Aflatun da kansa ya rubuta cewa samari in suka fara ɗanɗana muhawara sun zama kamar 'yan kwikwiyo, duk wanda ya zo kusa sai sun ja rigarsa sun yaga, har ya ba da shawarar kar a buɗe musu wannan fanni sosai sai sun kai 30. Kinga ashe masu abin ma sun san illarsa. Sai dai akwai bambanci guda da nake so ki riƙe, shi Sukurat da kansa yake farawa, cewa yake ni fa ban sani ba, zo mu bincika tare. Naki ɗan kuwa da kawu ya fara, kansa bai taɓa shiga awon ba.

Yanzu maganar imani, wadda na san ita ce ta hana ki barci. Ba zan ce miki babu haɗari ba, amma ki sani malamanmu sun daɗe suna wannan taƙaddamar, ba jami'a ce ta kawo ta ba. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi da Imam Suyuɗi na Masar har musayar baitoci suka yi a kan mantiƙi, Suyuɗi na ganin haramun ne, Magili na kare shi yana ganin gaskiya gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito. Sannan littafin Ahalari da 'ya'yanki suka karanta a Islamiyya, na tsarki da salla, mai shi Abdurrahman al-Akhdari ɗan ƙasar Aljeriya ta yanzu, shi ne dai ya rubuta waƙen mantiƙi da ake kira Sullam wanda har gobe ana karantawa a zaurukanmu, kuma yana da shekara 21 ya rubuta, kusan sa'an ɗanki. A ciki ya kawo ra'ayi uku, Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya zaɓi cewa ya halatta ga mai kaifin basira wanda ya riga ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Wannan sharaɗin shi ne wurin da za ki duba.

Imam Gazali da ya rasu a 1111 ya fi kowa dukan 'yan falsafa, ya ɗauko mas'ala 20 ya yi musu raddi, a guda uku ya ce sun fita daga addini: cewa duniya ba ta da farko, cewa ilimin Allah bai shafi ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jiki ranar alƙiyama. Amma shi ɗin dai ya ce mantiƙi da lissafi ba ruwansu da wannan hukunci, ya ma yi faɗa da jahilin masoyin addini da ke ƙaryata lissafin husufin rana da wata yana ganin taimakon Musulunci yake yi. Akwai misalinsa da nake so ƙwarai, ya ce mai hankali ba ya ƙyamar zuma don ya same ta a cikin ƙahon wanzami, in dai ya tabbata zumar ce. Bayansa Ibn Rushdi na Kurɗuba, alƙali ne Bamalike wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani littafi guda. Mu ma a nan gida jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame da ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a wannan fanni, ba wanda ya ce ya bar salla.

To me za ki yi. Kar ki ce masa rufe min baki, yin haka tabbatar masa zai yi cewa ba ku da amsa. Inda yake da gaskiya ki ba shi, maganar shara da dare camfi ce Hajiya, ni inaga iyayenmu sun faɗa ne don lokacin ba lantarki, kar a share allura ko kuɗi a zubar ko yarinya ta kai hannu kan kunama a duhu, sai aka lulluɓe hikimar da tsoratarwa. Ki ce masa eh ka yi gaskiya a nan. Sannan ki juya masa wuƙar cikin sanyin murya: to kai ɗan nan mene ne hujjarka cewa kunyata dattijo a gaban baƙi daidai ne, kawunka ya fita ya ƙaru da ilimi ko ya fita da ɓacin rai, kai me ka je nema, gaskiya ko a ce ka iya? In falsafar ya karanta da gaske wannan tambayar za ta kwana da shi. Ni ranar da aka yi min irinta ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a teburin mai shayi, na gama kayar da wani tsohon direba a musu ina murmushi, sai ya ajiye kofinsa ya ce "yaro ka ci, to yanzu me ka ƙaru da shi?" ya biya kuɗin shayinsa har da nawa ya tafi. Ban iya ƙarasa burodin ba. Daga nan ki haɗa shi da goro ya je ya durƙusa ya ba kawunsa haƙuri, kuma in da hali Alhaji ya nema masa malamin zaure ya karanta Sullam ɗin a gabansa tare da tauhidi, ya ga yadda ake musu da ladabi.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ƙanena ya nace sai ya yi digiri a falsafa kuma ni zan biya. Tsakani da Allah abin nan yana kawo abinci ko surutu ne kawai?

AMSA: Alhaji wannan gorin ya fi shekara 2,500 ana yin sa. Wani Bagirke mai suna Talis, ana ba da labarin yana tafe yana kallon taurari ya faɗa rijiya, wata baiwa ta yi ta masa dariya wai yana son sanin sama bai ga gabansa ba. Aristo, wani babban masanin falsafa na Girka, shi kuma ya kawo ɗaya ɓangaren, ya ce da aka dami Talis da gorin talauci sai ya hango zaitun zai yi kyau a shekarar, tun da sanyi ya kama hayar duk wuraren matse mai na yankin da araha, da kaka ta zo kowa na nema ya sa farashin da ya ga dama. Wato ɗan kasuwa ne irinku in ya so.

Amma kar in yaudare ka, ba wanda zai buɗe shago ya rubuta ana sayar da falsafa a nan. Masu wannan digiri yawanci koyarwa suke shiga, ko aikin jarida, ko aikin gwamnati, wasu su ƙara da karatun lauya. Amfaninta da na fi gani shi ne tana hana a kwashe maka wanda ka tara. Ka tuna MMM, riba kashi 30 cikin 100 duk wata suka yi wa mutane alkawari, har suka rufe asusu a watan Disamba na 2016 jama'a na kuka. Da mutum ya zauna da biro na minti biyar zai ga naira 100,000 a haka za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara ɗaya, sai ya tambayi kansa wace haja ce ake saye da sayarwa take kawo wannan, in babu haja to kuɗin wa ake ba ni? Masu digiri da yawa ba su yi tambayar ba, don maƙwabci ya nuna musu alat a waya. Haka watan Agusta na 2014 lokacin Ebola, aka tashi mutane cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har wasu suka rasa rayukansu wasu aka kwantar a asibiti, ba wanda ya tsaya ya ce wa ya faɗa, shi kuma ta ina ya sani. Shawarata ka biya masa in har yana so da gaske, bisa sharaɗin duk hutu yana shago tare da kai yana koyon awon yadi da riƙe littafin bashi.

TAMBAYA: Malam don Allah a ɓoye sunana. Ni shekarata 24, na fara kallon bidiyoyin falsafa a YouTube don nishaɗi, yanzu wata huɗu kenan ba na iya barci sai in kwanta ina tunanin me ya sa ake rayuwa, anya ma abin da nake gani gaskiya ne, ko abinci ba na jin daɗinsa, an ba ni aiki guda biyu na kasa zaɓa har duka suka wuce ni, kuma ina tsoron faɗa wa kowa kar a ce na kafirta ko na haukace.

AMSA: Ƙanena ba ka kafirta ba kuma ba ka haukace ba, ka kuma kyauta da ka yi magana. Shi Imam Gazalin da na ambata a sama ya ba da labarin kansa da kansa, ya ce akwai lokacin da ya yi kusan wata biyu yana shakkar komai har abin da idonsa ke gani. Daga baya a 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza da ɗalibai wajen 300, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce abin daga zuci yake. Ya bar muƙamin ya tafi Sham, sai bayan wajen shekara goma sha ɗaya ya koma koyarwa. In mai laƙabin Hujjatul Islam ya bi ta wannan hanya ya fito, kai ba abin kunya ba ne.

Amma ga inda ka yi kuskure. Ka ɗauka sai ka warware manyan tambayoyi kafin ka ci gaba da rayuwa, alhali ko manyan masu shakka ba haka suka yi ba. Dekart, Bafaranshen da ya yi suna wajen shakkar komai, a rubutunsa na 1637 cewa ya yi wanda zai rushe gidansa ya sake gini dole ya tanadi inda zai riƙa kwana kafin a gama, don haka ya ci gaba da bin addininsa da dokokin ƙasarsa yana binciken. Ya ce kuma wanda ya ɓata a daji kar ya tsaya yana juyi, ya zaɓi gefe ɗaya ya miƙe, ko bai kai inda yake so ba zai fita daga dajin. Aikin nan biyu da suka wuce ka, labarin jakin nan ne da 'yan falsafa ke bugawa, an ajiye masa dami biyu na harawa iri ɗaya dama da hagu ya tsaya yana auna wanne ya fi har yunwa ta kashe shi. Gaba in ta sake faruwa ka yi shawara, ka yi istihara, ka ba kanka kwana uku, ka ɗauki ɗaya.

Sannan falsafar ma ba duka ce ke hana barci ba, ka faɗa hannun masu neman 'yan kallo ne, su kuwa tambaya mai firgitarwa ita ke kawo musu kuɗi, amsa ba ta kawowa. Akwai Ifiktitus, bawa ne a daular Rum kafin a 'yanta shi, karatunsa kusan duka a kan abu ɗaya yake, ka raba abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka. Likitocin ƙwaƙwalwa irin su Albert Ellis da Aaron Beck na Amurka sun amfana da tunanin mazhabarsa wajen gina hanyar magance damuwa ta zaman tattaunawa da ake amfani da ita yanzu. Gwada yau da dare, takarda ka ja layi a tsakiya, hagu abin da za ka iya yi gobe da safe, dama abin da ba naka ba ne, na daman ka bar wa Mai shi. Ka ajiye bidiyoyin nan na wata guda, waya ta kwana a falo. Kuma ka ji ni da kyau, wata huɗu ba barci ba cin abinci ya wuce maganar falsafa, ka je ka ga likita, akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ta Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. In tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka kar ka jira gobe, ka faɗa wa wani na kusa yau ɗin nan ya raka ka. Ka sake rubuto min bayan sati biyu in ji.

TAMBAYA: Malam wai mu Hausawa muna da falsafa ko dai ta Turawa da Larabawa ce? Daga wata ɗaliba a Damagaram.

AMSA: 'Yata muna da ita, a karin magana muka ajiye ta. Gani ya kori ji magana ce a kan ta ina ilimi ke zuwa, hali zanen dutse kuma iƙirari ne a kan ko mutum na canzawa, wanda ni ban ma yarda da shi gaba ɗaya ba don na ga tubabbu da idona. Wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, a 1974 ya fitar da nazari a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya lissafo su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin da ya rage mana shi ne mu daina jefa karin magana don a rufe bakin mutum, mu fara zama muna gwara su. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, an kuma ce ruwa ba ya tsami banza, to ranar da kika ga baƙuwar lamba na ta kiran wayar ƙawarki da tsakar dare da wanne za ki yi aiki? An ce sannu ba ta hana zuwa, an kuma ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ki je wajen kakarki da littafi da biro ki tara irin waɗannan masu karo da juna ko guda ashirin ne, ki tambaye ta yaushe ake faɗin wannan yaushe ake faɗin wancan, ki rubuta amsarta yadda ta faɗa kar ki gyara mata Hausa, ki turo min mu buga a wannan fili.